Fitilun Sallah a Kan Teburin Gwajin Salbiah

Salbiah binti Harun ba ta cika shekara ashirin ba lokacin da ta fara hawa bas ɗin ma'aikata daga ƙauyensu na Balik Pulau zuwa garin masana'antu mai suna Bayan Lepas. A wancan zamanin, 'yar da ke aiki a masana'antar kayan lantarki ba ta da wata ƙima a idon ƙauye. Samarin rumfar shayi sukan bi bas ɗin da fito, suna kiran na ciki Minah Karan, wato Minar lantarki, wai duk wanda ya taɓa su sai sun ja shi. Salbiah takan sunkuya kamar mai gyaran takalmi har sai an wuce rumfar. Mahaifinta kuwa, in abokansa masu lambun 'ya'yan itacen durian suka tambaye shi, sai ya ce 'yarsa a ofis take aiki. Ta taɓa jinsa da kunnenta. Maganar ta zauna mata.

Wanda ya san ta daga baya zai gane cewa a kan wannan kunyar ta gina kanta. Tun da an ce aikin ba na mutunci ba ne, sai ta ƙudurta za ta yi shi yadda ba mai iya nuna ta da yatsa. Ta yi shekaru a layin haɗa kaya kafin a ɗauke ta zuwa ɗakin gwaji, kuma a nan furfura ta same ta. Manya da yara, har injiniyoyin da suka yi karatu a ƙasashen sanyi, Kak Sal suke ce mata, wato yayar kowa.

Aikinta gwajin dayod ne. Dayod ɗan abu ne da bai fi ƙwayar shinkafa ba, da siririyar waya ta kowane gefe, kuma aikinsa aikin mai gadi ne: ya bar wuta ta wuce gaba, ya hana ta dawowa. Daga kowane tulin da aka ƙera akan kawo wa Salbiah 'yan kaɗan a faranti. Ta ɗauki ɗaya da hantsaki, ta maƙala shi a matsi, ta riƙa murɗa maɓalli tana ƙara ƙarfin wuta a hankali. Wani koren layi yakan kwanta a allon na'ura kamar ba ruwansa, sai ƙarfin wutar ya ɗan haura rabin bolt a ma'auni ya lanƙwasa gwiwa ya miƙe sama. Wannan shi ne lafiyayye. Daga nan sai ta juya shi, ta turo wutar ta baya. A nan ya kamata ƙofa ta kasance a rufe, sai dai wani ɗan yoyo da ba a rasa ba, wanda ƙanƙantarsa ta kai babu na'urar da ke ganinsa sosai a duk masana'antar sai ta kan teburinta. In yoyon ya wuce iyaka, ko ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, ta liƙa jan kati a tulin gaba ɗaya. In ya yi daidai, kore. Ba a ɗaukaka ƙara bayan katin Kak Sal.

Duk sabuwar yarinyar da aka kawo mata koyo, akwai karatun da take fara yi mata. "Na baƙar roba makaho ne," takan ce. "Na gilashi kuwa yana da ido. In haske ya taɓa shi, sai ya yi miki yoyon ƙarya. Ki rufe masa ido kafin ki tambaye shi." Saboda haka ne matsin yake da baƙin murfi. Sai dai maƙalin murfin nata ya karye shekaru da suka wuce. Teburinta yana can lungu, inda fitilar rufi ba ta isa sosai. Ta gwada da murfi, ta gwada babu, ta ga babu bambanci, sai ta jefa shi cikin aljihun tebur da niyyar kai wa masu gyara. Yau da gobe murfin ya zama ma'ajin allurar ɗankwali da alewar tari.

Layi ɗaya ne kawai yake ƙera dayod na gilashi, kuma shugabarsa ita ce Thilagam, wadda kowa ke kira Thila. Ita da Salbiah bas ɗaya ya fara kwaso su suna 'yan mata, an yi musu fito tare, sun sunkuya tare. Thila ta rayu ta ga aurar da 'ya'yan Salbiah, Salbiah ta zauna da ita ranar da aka ƙona gawar mijin Thila bisa al'adar addininsu. Shuɗin ƙyallen shugabanci da ke hannun rigar Thila ya koɗe don daɗewa, kuma a ƙarshen shekarar za ta ajiye aiki. Ba ta da buri sai ta fita ƙofa da ƙyallenta a hannu.

A shekarar da abin ya faru, azumi ya raba tsakiya aka sanar da gasar kwalliyar Sallah tsakanin sassan masana'anta, kamar yadda aka saba. Bara 'yan sito ne suka ci, kuma shekara guda ba su bar ɗakin gwaji ya sha ruwa ba.

"Kak Sal, bana ma balan-balan biyu za ku hura ku rataya a ƙofa?" in ji wani mai tura kaya na sito, yana wucewa. "Ku ara mana ɗaya in mun gama namu."

Mastura, wadda teburinta ke kusa da na Salbiah, ta ce, "Wallahi Kak, in muka sake shan kaye bana, takardar sauyin sashe zan rubuta. Har masu shara dariya suke mana."

Salbiah ba ta iya jure raini. Ta sa ƙanin mijinta ya saro mata gora, suka kafa ɗan gidan ƙauye mai tsani da baranda a kan teburinta, tun da lungun ne ya fi fili. Suka saƙa ketupat na kintinkiri, kwaikwayon ƙunshin shinkafar Sallah, suka rataya, sannan ta naɗe ginshiƙan da rufin da igiyar ƙananan fitilu masu ƙyaftawa, kore da rawaya da fari, har suna saukowa dab da inda take aiki. Lungun da ya saba duhu ya koma kamar gidan biki. Mutane suka riƙa leƙowa daga wasu sassa suna ɗaukar hoto.

A makon nan ne kayan Thila suka fara faɗuwa. Gwajin gaba lafiya lau, gwiwar tana lanƙwasawa a inda ta saba. Amma da zarar an juya dayod ɗin, sai lambar yoyo ta haura, ta sauko, ta sake haurawa, kamar mai numfashi. Salbiah ta canza ɗaya, ta canza wani, duk kanwar ja ce. Ta gwada na baƙar roba daga wasu layukan, suka kwanta shiru. Ta liƙa jan kati. Washegari ta liƙa wani.

Thila ta zo da kanta, hular aikinta a karkace.

"Sal, me kike yi mini haka? Injin layina ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, ya ce lafiyarsu ƙalau."

"Injinki kurma ne. Zo ki gani da idonki."

Thila ta tsaya a ƙarƙashin fitilun, kore da rawaya suna wasa a fuskarta, ta kalli lambar tana hawa da sauka. "Ko dai azumi ne ya sa hannunki rawa, tsohuwa? Ki sha ruwa a ɓoye, ba zan faɗa wa kowa ba."

Mastura ta tuntsire da dariya, wasu ma suka taya ta. Da a ce su biyu ne, da Salbiah ta rama da wasa an wuce wurin. Amma a gaban yara aka taɓa hannunta.

"Hannuna bai taɓa rawa ba," ta ce da ƙarfi. "Ki je ki duba murhunki. Mutum in ya hango ƙofar fita, sai ya fara aiki da rabin ido."

Thila ta gyara hularta ta fita, ba ta waiwayo ba.

Encik Khoo, wato Malam Khoo, injiniyan da ke kula da ingancin kaya, mutum ne mai sanyin hali, amma masu saye sun matsa masa. Ya sa aka kashe murhun da ke rufe gilashin aka wanke, aka canza iskar da ake hura masa, aka buɗe sabon kwalin gilashi. Ba ta canza zani ba. Sau ɗaya ya yi zancen a kai samfurin wani wuri a sake gwadawa, sai ya dubi Salbiah ya yi murmushi ya janye. "Inji yana iya ƙarya," in ji shi, "Kak Sal ba ta yi." A makon ƙarshe na azumi aka kira Thila ofis. Ta fito babu ƙyalle a hannun riga, aka mai da ita sashen cusa kaya a kwali, tare da yaran da ba su kai sa'ar 'yarta ba.

Ranar da za a tashi hutun Sallah, alƙalan gasa suka zagaya, ɗakin gwaji ya zo na ɗaya. Aka kawo musu kwandon kyauta naɗe da leda mai sheƙi, Mastura ta ɗauke shi a ka ta zagaya ta gaban sito tana rangaji. Da la'asar kowa ya watse neman bas. Salbiah ta tsaya kashe kaya, da sauran dayod ɗin gilashi guda a cikin matsi, lambar tana ta numfashinta. Ta sunkuya ta zare filogin fitilun. Da ta ɗago, lambar ta faɗo ƙasa ta kwanta, ko motsi ba ta yi.

Ta mayar da filogin. Fitilu suka kama, lambar ta haura; suka ɗauke, ta sauko. Ta kifa tafin hannunta a kan matsin, lambar ta kwanta. Ta janye, ta tashi. Sai ta jawo aljihun tebur, ga baƙin murfin nan cike da allurai da alewa, ta tsaya tana kallonsa kamar yau ta fara ganinsa. Karatun da ta yi wa yara shekara da shekaru ya dawo mata da muryarta. Ta waiga hagu da dama. Babu kowa. Ta kashe na'urar, ta ɗauki jakarta, ta shiga bas ta zauna ta sunkuyar da kai, yadda rabonta da yi tun tana budurwa.

Sallar ba ta yi mata daɗi ba. Ta dafa rendang, naman Sallah mai kwakwa da yaji, ta yanka lemang, shinkafar da ake gasawa cikin gora, jikoki suka cika gida, amma ita ba ta ci wani abin kirki ba. A rana ta biyu sai ga Thila, kamar kowace shekara, da gwangwanin murukku, cincin ɗinsu mai yaji, a hannu. Ba ta zo da fushi ba, abin da ya fi ƙona Salbiah ke nan. Ta rame kaɗan. Ta zauna a tabarma ta ci, ta tsokani jikokin, ta ce rendang ɗin bana gishiri ya yi masa kaɗan.

Da za ta tafi, Salbiah ta raka ta gindin tsani, ta kama hannayenta biyu, ta faɗi abin da kowa ke faɗa wa kowa a ranar: a yafe mata laifinta na fili da na ɓoye. Muryarta ta karye a tsakiya. Sauran maganar tana bakinta, ta ji nauyinta a kan harshe.

"Ke dai kin cika kuka, tsohuwa," in ji Thila, tana bubbuga mata baya. "Maganar rabin ido ce? Na manta da ita. Sifiri da sifiri, mun koma farko. Aikinki kika yi. Wataƙila ma gaskiyarki ce, idon nawa ya fara tafiya."

Salbiah ta tsaya ta bi ta da kallo har ta sha kwana. An yafe mata, a gaban shaidu, da kalmomin da addini da al'ada suka yarda da su. Ta san ba abin da aka yafe.

Da aka koma aiki, ita ta fara shiga ɗakin. Ta warware fitilun ta cusa a jaka, ta ce wa Mastura suna sa mata ciwon kai. Tulin farko daga layin gilashi, ƙarƙashin sabuwar shugaba, ya zo ya wuce sumul. Na biyu ma haka. Ta liƙa musu koren kati.

Encik Khoo ya shigo yana murza hannu. "Kin gani ko, Kak Sal? Daga canza mutum sai kaya suka gyaru. Ban so na yarda ba, amma ga shi. Tausayi ne ya sa muka bar ta ta daɗe."

A nan Salbiah ta gane abin da shirunta ya aikata. Ta ɗauka in ta sauke fitilun maganar za ta mutu. Ashe saukewar ce ta zama shaidar da ta ɗaure Thila. Kowane koren kati da za ta liƙa daga yau, ƙusa ce take ƙara bugawa. Da rana ta hango Thila ta tagar sashen kwali, tana naɗe leda, wata yarinya tana nuna mata yadda ake yi.

Ta kwana biyu tana juya abin. Ta yi tunanin samun Encik Khoo shi kaɗai, ta rufe ƙofa. Amma ba a ɗaki a rufe ta ce Thila tana aiki da rabin ido ba. Ranar Alhamis da hantsi ta fito da igiyar fitilun daga jaka, ta hau kujera ta fara naɗawa a jikin gorar da ba a kai ga kwancewa ba.

"Kak, lafiya?" in ji Mastura. "Ko an sake wata gasar ba mu ji ba? Ke da kika ce suna sa miki ciwon kai?"

"Je ki kira mini Encik Khoo. Ki biya sashen kwali ki ce Thila ta zo. Kowa ma ya matso."

Suka taru, har da mai tura kayan nan na sito. Salbiah ta ɗauki dayod daga tulin da ta ba koren kati da safe, ta maƙala, ta juya wutar ta baya. Lambar ta kwanta. Ta kunna fitilun. Lambar ta fara hawa da sauka tare da ƙyaftawarsu. Ta juye allurai da alewar a kan tebur, ta kifa baƙin murfin. Lambar ta kwanta. Daga nan ta ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda ta ba jan kati, ta sa a ƙarƙashin murfin. Ko gezau.

"Kayan Thila ba su taɓa lalacewa ba," ta ce, idonta a kan tebur. "Ni ce na buɗe musu ido. Kuma ba yau na sani ba. Tun ranar da muka ci gasa na gani, na yi shiru."

Encik Khoo ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. "Haba, Kak Sal," kawai ya iya cewa. Sai can ya ƙara da cewa, "Ni ma na tsaya a nan sau nawa, fitilun suna haska mini fuska." Mastura ta rufe baki da gefen ɗankwali. Mai tura kaya, wanda da ya samu abin tsokana na shekara goma, ya sulale ya fita.

Thila ta matso ta leƙa allon, ta ɗaga murfin, ta mayar, ta sake ɗagawa.

"Wannan ne kika nemi gafararsa a gindin tsani?"

"Shi ne."

"Kika bar ni na ce idona ya fara tafiya."

Salbiah ta sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage, da ta shige.

"To ki sani, wancan sifirin na ƙananan laifuffuka ne," in ji Thila. "Wannan ba ya ciki." Ta juya ga injiniyan. "Encik Khoo, ina ƙyallena?"

Kafin a tashi aiki ranar an mayar mata da shi, kuma Encik Khoo da kansa ya tsaya a gaban 'yan layin ya faɗi abin da ya faru. Aka fito da tulin da aka killace, aka sake gwadawa a ƙarƙashin murfi, aka sallame su. Salbiah ta samu takardar gargaɗi, ta farko a rayuwarta, kuma daga ranar aka kafa doka cewa duk jan katin da ta liƙa sai wani ya sake dubawa. Mastura aka ba aikin. Yarinyar takan zo tana jan ƙafa, tana ba da haƙuri, Salbiah ta matsa mata kujera ba tare da ta ɗago ba. Sababbin da aka kawo koyo bayan nan, ba ta ƙara yi musu karatun ido da baki ba. Sai dai ta kunna 'yar tocila a kan matsin, ta bar su su gani.

Thila ta yi watanni tana zama a kujerar gaba a bas, Salbiah a baya. Suna gaisawa, iyakarta ke nan. Salbiah ba ta nemi fiye da haka ba, don tana ganin ba ta da bakin nema. Sai da Deepavali, bikin fitilu na su Thila, ta matso, wata safiya Thila ta taho tana dafa kujeru har baya, ta ture jakar Salbiah ta zauna.

"Ranar Asabar zan kunna fitilu," ta ce, tana kallon taga. "Na mai ne, ba sa ƙyaftawa. Ki zo da rendang, ki sa masa gishiri wannan karon. In kuma kin ga haske zai sa ki yoyo, ki taho da murfinki."

Salbiah ta so ta yi dariya, sai hawaye suka riga ta. A ƙarshen shekarar Thila ta fita ƙofar masana'anta da shuɗin ƙyallenta a hannun riga, 'yan layinta suna rataya mata furanni. Salbiah tana can bayan taro, riƙe mata da jaka.